Ƙurar da ke biyo mahaifi gida: shaidar ma'aikaciyar lafiya kan gubar dalma a jikin jariri

Yarinyar tana da wata 14 aka kawo ta asibiti. Sunanta da na iyayenta amana ne, ba za a same su a nan ba. Sun yarda a ba da labarin ne domin wasu iyaye su gane abin tun kafin ya yi nisa.

Koken uwar bai wuce abin da ake ji kullum ba. Yarinya ta rage cin abinci, bayan gidanta ya yi tauri, ga kuka babu gaira babu dalili, 'yan kalmomin da ta fara kwaikwayo kuma ta daina. Mutanen gida suka ce haƙori ne. An ba ta maganin zazzaɓi, an ba ta na tsutsar ciki. Da aka auna jini aka ga ya yi ƙasa, aka rubuta maganin ƙarin jini, ta sha wata guda, jinin bai tashi yadda ake so ba. Abin da ya buɗe hanya tambaya ce da ba kasafai ake yi ba a ɗakin duba yara: mene ne sana'ar maigida? Uwar ta ce yana gyaran batir ɗin mota, wanda ya mutu kuma ya fasa shi ya cire farantan ciki ya narka.

Farantan nan dalma ce. A ranar aka soki yatsar yarinyar aka gwada, sakamakon ya fito sama. Amma gwajin yatsa ba a yanke hukunci da shi, domin idan akwai ƙurar dalma a fatar yaro, tana shiga cikin ɗigon jinin ta ƙara adadin. Shi ya sa ake wanke hannun yaro da sabulu da ruwa kafin a soka, audugar sifirit kaɗai ba ta isa ba, kuma duk sakamakon da ya yi sama sai an sake ɗibar jini daga jijiya an tabbatar. Na jijiyar ya nuna dalma ta ɗan haura maikrogiram 30 a kowace desilita ta jini, wato ma'aunin da ake ƙidaya yawan dalma a jini da shi.

Ga ma'anar wannan adadi. Babu wani mizani na dalma a jinin yaro da aka tabbatar ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da zarar ya kai 5, a nemo inda dalmar ke fitowa a raba yaron da wurin. Hukumar CDC ta Amurka, mai yaƙi da cututtuka, ta yi aiki da 5 daga 2012, a 2021 ta sauko da shi zuwa 3.5. Daga 45 zuwa sama ne ake ba da maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Idan ya kai 70, ko yaro ya fara jijjiga, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko ya fita hayyacinsa, sai a kwantar da shi a yi masa ta jijiya, domin a nan kwakwalwa ke kumbura, kuma a nan ake rasa yara. Galibin yaran da ke ƙasa da wannan mataki ba sa nuna wata alama ko kaɗan. Yarinyar nan ma sa'a aka yi ta nuna.

Uban ya zo washegari, ransa a ɓace. Ya ce, "Malama, shekara da shekaru ina wannan aiki, ko ciwon kai ba na yi. Ita kuma ko hanyar shagon ba ta sani ba." Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma ba su wanke batir ba. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba. Hanjinsa a buɗe yake yana neman kalsiyam da sinadarin ayon don gina ƙashi da jini, dalma kuwa ta ƙofofin nan biyu take shiga, jiki ya karɓe ta a matsayin abin da yake nema. Yaron da ayon ya yi masa ƙaranci, ko cikinsa ba kowa a ciki, ya fi tsotsa. Ga shi yana rarrafe a ƙasa inda ƙura ke kwanciya, hannu na zuwa baki ba adadi a yini, katangar da ke tsare kwakwalwa daga abin da ke cikin jini kuma ba ta gama ƙwari ba. Shi ma uban da aka gwada shi nasa ya yi sama, hawan jininsa kuma ya fara, bai sani ba.

Yarinyar ba ta je shago ba, shagon ne yake zuwa gida kowace yamma. Da aka je duba gidan, ba a sha wahala ba. Tufafin aikinsa a rataye a ƙusa cikin ɗakin da ake kwana, wuyan rigar da aljihunanta da toka-tokan gari mai nauyi. Takalmin aikin a bakin ƙofa daga ciki, daidai inda take zama tana wasa da igiyarsa. Yana shigowa take miƙa hannu, ya ɗauke ta ya rungume kafin ya yi wanka, ta cusa yatsu a gemunsa. Wayarsa, wadda yake dannawa da hannun aiki yini guda, ita ce abin lallashinta idan tana kuka, kuma kusurwar robar wayar duk shatin haƙoranta ne. Uwar tana kakkaɓe kayan aikin kafin wanki, ta wanke su a baho ɗaya da na jaririya, ta watsa ruwan a tsakar gida. Da safe a yi shara da busasshiyar tsintsiya, ƙurar ta tashi ta sauka a kan kwanoni da tabarma. Babu ganganci a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gida ne mai tsafta ƙwarai, kuma sharar nan ta kullum tana cikin abin da ke yaɗa ƙurar.

Irin wannan ya faru a wurare da yawa, wani wurin da muni fiye da haka. A Thiaroye-sur-Mer, gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana tankaɗe ƙasa don tsintar dalma. A Zamfara, a 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar da ƙananan yara suna jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Duwatsun zinariya ne masu dalma ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, har a turmin da ake daka abinci. Aƙalla yara 400 suka rasu. A wasu gidajen dalmar da ke ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali mizanin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth mai yaƙi da gurɓatar muhalli na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, dalmar jininsa ta kai 5 ko ta wuce.

Wurin da aka fi kai ruwa rana da iyayen shi ne batun magani. Kakar yarinyar ta ce, "'Yar nan, kin ce guba ce a jikinta, sannan ki ce ba za a ba ta maganin fitar da guba ba?" Tambaya ce mai ma'ana, ga amsarta. Maganin da ake ba yara ta baki, DMSA, ana ba da miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana har kwana 5, sannan sau biyu a rana har kwana 14. Yana rage dalmar da ke yawo a jini, yana ceton rai idan ta yi yawa. Amma yana iya taɓa hanta, yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka sai ana bi da gwaji. Kuma babban binciken da aka yi a Amurka kan yaran da adadinsu ke tsakanin 20 da 44 ya nuna maganin ya sauko da dalmar jini, amma bai ƙara musu fahimta ko kaifin tunani ba a kan waɗanda ba su sha ba. Sannan dalma ba ta daɗewa a jini. Cikin kamar wata guda rabinta yake barin jinin, sai dai mafi yawa ba fita take yi ba, ƙashi take komawa ta zauna shekaru gommai. Idan an gama magani, ƙashin ya sake sako ta, adadin ya ɗan tashi. Yaron da aka ba magani aka mayar gidan da ƙurar take, ɗiban ruwa da kwando aka yi. A Zamfara ma sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a ci gaba da yi wa yaran ƙauye magani, shi ya sa yaran ƙauyen Bagega suka jira har 2013. Masu sayar da haɗe-haɗen "wanke jini" ga iyayen da hankalinsu ya tashi kuwa, ni dai ban ga abin da suke yi ba face cin kuɗin mutane, wasu magungunan gargajiyar ma an sha samun dalma da zaiba a cikinsu.

Abin da aka yi a gidan shi ne maganin. An kai uwa da 'ya gidan dangi kafin a fara aiki, domin ba a gyara wuri mai dalma yaro ko mai ciki na ciki. Tabarma da katifar da ƙura ta shige aka fitar da su gaba ɗaya, ba sa wankuwa. Aka goge ɗaki daga sama zuwa ƙasa, taga da kanta da bango sannan daɓe, da tsumma mai danshi da sabulu, da bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya, ana sauya ruwan da zarar ya yi duhu. Mai bokiti ɗaya shafa ƙurar kawai yake yi daga wannan lungu zuwa wancan. Tsummokaran aka ƙulle a leda aka jefar. Inda ake watsa ruwan wanki aka kankare ƙasar saman aka rufe da siminti. Uban kuma aka kafa masa ƙa'ida: kayan aiki da takalmin aiki su kwana a wurin aiki, ya yi wanka da sabulu har gashi da gemu da ƙarƙashin farce kafin ya taɓa kowa, ya sauya tufafi, kada ya ci abinci ko ya sha wani abu a inda ake narka dalma, kayan aikin a wanke su daban ba tare da kakkaɓewa ba, waya kuma a goge ta, ta daina zuwa hannun yarinya. Ita kuma a wanke mata hannu kafin ci da kafin barci, a wanke kayan wasanta da duk abin da take tsotsa, a ci gaba da maganin ayon, a ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa don kada cikinta ya zauna fayau, a haɗa da nama ko ƙwai ko wake, da madara, da 'ya'yan itace masu bitamin C da ke taimaka wa ayon shiga jiki.

Duk da an ga batir ƙiri-ƙiri, ba a tsaya nan ba, domin gida ɗaya yakan tara hanya biyu ko uku. Ana duba fenti: tsohon fenti mai ɓarewa a taga da ƙofa, inda ake gogayya, yana zama gari, kuma yana da ɗan zaƙi, yara suna tsinta su ci. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje tun 1978, amma har yau akwai ƙasashen da ba su da dokar. Kankare shi a bushe ko ƙona shi da wuta ya fi barinsa haɗari. Ana duba kwalli, domin wanda aka niƙa daga baƙin dutse mai ƙyalli yawanci cike yake da dalma, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Ana duba tangaran mai sheƙi da tukwanen da aka zuba daga tarkacen ƙarfe, musamman idan ana dafa abu mai tsami a ciki, don tsami yana jawo dalma. Ana duba kayan ƙamshin girki masu launi: a Bangladesh an gano ana zuba garin rawaya mai dalma a kurkum don ya yi kyan gani, a 2023 kuma aka janye wasu 'yan jakunkunan markaɗaɗɗen tuffa na yara a Amurka saboda kirfar da ke ciki tana da dalma, bayan ɗaruruwan yara sun sha. Ƙasar gefen manyan tituna ma tana riƙe da dalmar fetur na da, ko da yake ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da shi a 2021.

Ruwa yana buƙatar magana ta musamman, saboda jaririn da ke shan madarar gwangwani kusan duk abincinsa ruwa ne. Yana shan kimanin mililita 150 ga kowane kilo na jikinsa a rana, ninki huɗu ko fiye na abin da babba ke sha in aka kwatanta da nauyi. Dalma tana shiga ruwa daga tsohon bututu da haɗin walda da kan famfo na tagulla, kuma tana ƙaruwa idan ruwan ya kwana a bututu ko yana da zafi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ƙarfe, hasali ma idan ruwa ya ƙone, abin da ya rage ya fi kauri. Don haka a bar famfo ya zuba na 'yan mintuna idan ya daɗe a rufe, a ɗebi na sanyi, sannan a tafasa a haɗa madara. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya maikrogiram 10 ne a lita ga dalma, haka ma ga arsenik, wani sinadari mai guba da ake samu a ƙasa da ruwa. Birnin Flint na Amurka ya sauya wurin ɗibar ruwa a 2014 ba tare da zuba sinadarin da ke hana bututu zaizayewa ba, sai da likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon gwajin jinin yara a 2015 kafin hukumomi su amsa.

Da uwar ta ji duk wannan sai tsoro ya kama ta, ta ce za ta mayar da yarinyar kan garin shinkafa na gwangwani kawai, safe da rana da dare, tunda shi a rufe yake. Aka ce mata a'a, baiwar Allah, nan ma akwai magana. Shinkafa tana girma a cikin ruwa kwance, a irin wannan ƙasa arsenik yake narkewa, saiwa ta zuƙe shi, har ta tara fiye da sauran hatsi nesa ba kusa ba. Ya fi taruwa a dusa, don haka wadda ba a cashe ba ta fi fara yawansa. Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta sa iyakar kashi 100 cikin biliyan ga garin shinkafar jarirai a 2020. Dafa shinkafa da ruwa mai yawa, kofi 6 zuwa 10 ga kofi ɗaya, a tsiyaye ragowar, yana rage arsenik da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, ko da yake wasu bitamin suna bin ruwan. A Birtaniya ana gargaɗin kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 madarar shinkafa a madadin madarar gaske. Ba a ce a daina shinkafa ba. A riƙa sauyawa da wasu hatsi, domin yaron da ya dogara da abu ɗaya, duk abin da ke cikin abin nan shi zai tara. Wannan ya shafi karas da dankali da duk abin da ke girma a cikin ƙasa: a wanke, a fere, a riƙa sauyawa. Na gida da na kamfani duk daga gona suka fito, rubutun "na asali" a jikin kwali ba ya cire ƙarfen da ke cikin ƙasar gonar.

Zaiba kuma ta kifi take zuwa, manyan kifaye masu cin 'yan uwansu kuma masu tsawon rai, irin su kifin shak da mai takobi da manyan tuna. Ƙanana irin sadin ba su da yawanta, kuma suna gina kwakwalwa, kada a hana yaro ko mai ciki. Garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, ya nuna uwa tana iya zama lafiya lau ta haifi ɗa da kwakwalwarsa ta lalace. Man shafawa na sauya launin fata da yawa yana da zaiba, tana bin hannun uwa da tawul da zanin gado ta kai ga jariri. Idan tsohon ma'aunin zafin jiki mai zaiba a ciki ya fashe, a fitar da yaro, a buɗe taga, a tattara ɗigon da kwali mai kauri a zuba a kwalba a rufe, kada a sa tsintsiya ko injin zuƙar ƙura. Kadmiyam kuwa, wani ƙarfe mai guba, ɗaya daga hanyoyinsa zuwa jariri hayaƙin taba ne a cikin ɗaki.

Ana cikin wannan aiki aka gane uwar tana da ƙaramin ciki. Aka gwada ta, ita ma nata ya haura 5, tunda ita ke wanki da shara. Wannan ya fi komai tayar da hankali, domin dalma tana ratsa mabiyiya kai tsaye, kuma lokacin ciki da shayarwa jiki yana jawo kalsiyam daga ƙashin uwa, dalmar da ta kwanta a ƙashin tun shekarun baya ta biyo shi. Aka ɗora ta a kan kalsiyam da ayon, aka hana ta taɓa kayan aikin mijin. Ta tambaya ko za ta iya shayarwa idan ta haihu. Za ta iya. Abin da ke shiga nono kaɗan ne, kuma shawarar CDC ita ce a shayar muddin na uwa bai kai 40 ba.

An riƙa sake gwada yarinyar, da farko kusa-kusa, daga baya duk bayan 'yan watanni. Adadin ya sauko da sauri a farko, sannan ya riƙa jan ƙafa, kamar yadda aka saba gani ga yaron da ya daɗe yana tarawa, har aka shekara biyu kafin ya koma ƙasa da 10. Akwai lokacin da ya sake tashi. Da aka bincika, ashe ciniki ya yi yawa, uban ya fara kawo 'yan batura gida yana ajiyewa a bayan ɗaki. Aka kwashe, aka sake gogewa. Cin abincinta ya dawo, jininta ya cika, maganarta ta zo amma a makare. Yanzu tana makaranta. Malamarta ta ce tana da ƙoƙari, sai dai hankalinta ba ya daɗewa a kan abu ɗaya, karatu kuma sai an maimaita mata fiye da sa'o'inta. Ana zama da ita kullum da yamma ana bitar darasi, an kuma gwada jinta, domin dalma tana taɓa ji. Ƙanenta da aka haifa bayan an gyara gidan an gwada shi yana wata 12, aka sake yana wata 24, lokutan da dalma ta fi hawa a jinin yara masu rarrafe da sabon tafiya. Duka biyun sun fito ƙasa da 3.5. Uban yana nan a sana'arsa, ya daina narka dalma da kansa, yana haɗa matattun baturan a rufe ya miƙa wa masana'antar da ke da kayan tace hayaƙi, kuma yana zuwa gwajin jini da na ƙoda lokaci-lokaci.